Hannun Mang Tibo da Musayar Damina

Duk wanda ya gaisa da Mang Tibo sai ya saci kallon hannunsa na dama. Babu yatsa ɗaya da ya miƙe a ciki. Kowanne ya kama gabansa, gaɓoɓin sun kumbura kamar ɗanyar citta. Yaran unguwar ma'aikatan rake ta Santa Ines sun saba da shi. Da yamma, in an kaɗa ƙararrawar coci, sukan taru a bakin matakalar gidansa, kowa ya kama hannun ya ɗora a goshinsa don neman albarka ya ce, "Mano po." Shi kuwa ya ce, "Allah ya yi albarka. Wuce ka yi wanka, warin ɓauna kake."

Tiburcio ne sunansa na baftisma, amma ko limamin cocin ya manta. A layin gidajen masu saran rake aka haife shi, a nan kuma ya tsufa. Ubansa ya so ya gaji adda. Shi kuwa tun yana ƙarami duk abin da aka wurga sai ya cafe: ɗanyen mangwaro, kwakwa, har takalmin da uwarsa ta jefe shi da shi. Kamfanin sukari yana da ƙungiyar ƙwallon besbol, 'Yan Rake, yana biyan 'yan wasa albashi kamar sauran ma'aikata, yana kuma ba kowane mai iyali gida. Nan Tibo ya faɗa. Ƙuruciyarsa duk ta ƙare yana tsugune a bayan mai duka, ragar ƙarfe a fuska, safar fata a hannun hagu, yana cafke abin da mai jifa ya wurgo. Hannun dama, da ba shi da safa, shi ya sha wuya. Da gwiwoyi suka ce sun gaji, sai aka ba shi aikin koci.

Matarsa, Aling Pacing, 'yar Cebu ce. Wata shekara ƙungiya ta je wasa can a jirgin ruwa, ya tarar da ita tana gasa masara a ƙofar fili, ya ci guda, ya ce bai ƙoshi ba, ƙarshe ya dawo da mai masarar gaba ɗaya. Tun daga ranar take ƙorafin kifin tafkin Laguna, wai laka yake ɗanɗano, ba kamar na teku ba, kuma wai ranar da ta tashi komawa gida ko waiwaye ba za ta yi ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ya ba su shi ne Selo.

Uban Selo mai hura wutar injin rake ne, aminin Tibo. Ranar baftismar yaron Tibo ne ya riƙe shi, ya zama ninong ɗinsa, uba na biyu wanda coci ta shaida. Da uban ya rasu, na biyun ya koma na farko ba tare da kowa ya furta ba. Tibo ne ya kafa masa gwangwani a kan shinge ya ce ya kayar da shi da tsakuwa. Yanzu Selo shi ne babban mai jifan 'Yan Rake, ya haura talatin, yana zaune da matarsa Nening da 'yan matansu biyu a gidan kamfani da ke bayan na Tibo. Amma duk girman nan bai taɓa shigowa ba sai ya kama karkataccen hannun da damansa. Dogo ne, ba ya son sunkuyawa, don haka hannun yake fizgowa sama ya kai goshi, har dattijon ya ce, "Kai, a hankali, za ka cire min kafaɗa!"

A bana 'Yan Rake suka ƙare a bayan kowa. Rabin 'yan wasan sun yi furfura, sauran sun yi tumbi. Da damina ta kankama aka rufe wasa, fili ya zama tafki, agwagin Aling Pacing suna iyo a inda ake tsere. Lokacin ne ƙungiyoyi ke musayar 'yan wasa. Don Evaristo, ɗan ƙanen mai kamfani, wanda aka danƙa wa ƙungiya, ya aika a kira Tibo.

"Zauna, Mang Tibo. Na gaji da dariyar da ake yi min a Manila. Rushewa za mu yi mu sake gini."

"To, yallaɓai."

"'Yan Jirgi na Cebu suna son Selo. Samari uku za su ba mu, ba wanda gemunsa ya fito. Ko kuma mu ba su Dodong mai duka, su ba mu ɗaya. Kocinsu zai zo Calamba ƙarshen wata. Abokinka ne, ko?"

"Berting? Shi ya karya min wannan." Ya ɗaga ƙaramin yatsa. "Duk Kirsimeti sai ya aiko min da busasshen mangwaro, wai in je in koya wa yaransa cafka. In cinye mangwaron, in yi shiru."

"To ka je ka auna, ka gaya min. Ni dai uku nake ji a kunnena."

Tibo ya san abin da musaya take nufi a Santa Ines. Ba riga kaɗai ake sauyawa ba. Wanda aka musanya ya bar gidan kamfani, wanda aka sallama ma haka.

Shi bai iya auna mutane a ka ba, sai ya gan su a gabansa. Yana da gwangwanin madara cike da marafan kwalba, kowane marfi ɗan wasa ne. Ya zazzage su a teburin cin abinci, ya jera su yadda suke tsayuwa a fili. Selo jan marfi ne da ya ɗan lotsa, yana tsakiya. Dodong na kwalbar giya ne, kuma duk wanda ya san Dodong ba ya tambayar dalili. Na samarin Cebu sababbi ne, ya roƙo su a shagon bakin titi, sai ƙyalli suke.

Ruwa yana dukan kwano. Ya ture jan marfin gefe, ya shigar da sababbi uku. Fili ya cika, ya yi kyau. Ya dawo da ja, ya cire na giya, ya sa sabo ɗaya. Fili ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa.

"Tsoho," in ji Aling Pacing daga murhu, "yau ma a ƙasa za mu ci abinci? Kwashe min 'ya'yanka daga tebur."

"Bari mana, tunani nake."

"Kai da tunani? Rabona da ganin ka yi tunani tun ranar da masara ɗaya ta ƙi isar ka."

Ta zo ta tsaya a kansa tana goge hannu da zane. Ta ga jan marfin can gefe, kusa da kwanon gishiri. Sannan ta sa yatsa ta mayar da shi tsakiya.

"Pacing, filin Cebu ba ya shan ruwa, ƙungiyarsu tana cin wasa. Yaron nan saura 'yan shekaru hannunsa ya huce. Gara ya ƙare su inda za a tafa masa."

"'Yan matan fa? Wa zai riƙa yi musu kitso?"

"Ba ke kike cewa Cebu aljanna ce ba?"

"Tawa ce, ba tasu ba."

Amma Tibo ya riga ya fara karkata. Kullum ya jera marafan, abu ɗaya suke gaya masa: Selo ya samu ƙungiya mai ci, 'Yan Rake su samu jini sabo, kowa ya amfana. Zafin rabuwa kuwa, wannan nasa ne shi da tsohuwa, ba abin da za a ɗora wa ƙungiya ba ne. Ya kusa yanke magana.

Ranar Lahadi bayan coci Aling Pacing ta yi miyar tsamiya da kifi, kifin da take zagi. Selo ya zo da iyalinsa kamar kullum. 'Yan matan suka kama hannun kakansu suka kai goshi, Nening ta biyo. Sai Selo. Ya miƙo damansa ya riƙe yatsun dattijon a ƙasa, daidai ƙugu, sannan ya lanƙwashe dogon bayan nan ya kawo goshinsa har inda hannun yake.

"Mano po, Ninong."

"Iye!" in ji Aling Pacing. "Yau sandar rake ta rusuna. Nening, me kika zuba masa a abinci ya koyi ladabi?"

Aka bushe da dariya, har da Selo. Tibo bai yi ba. Ko "Allah ya yi albarka" ya manta bai ce ba. Ya zauna yana cin abinci yana kallo ta gefen ido. Da aka ce a sauko da tulun ruwa daga kanta, da hagu Selo ya sauko da shi. Da ƙaramar 'yarsa ta ɗaga hannuwa a ɗauke ta, maimakon ya cilla ta sama yadda ya saba, sai ya tsuguna ya rungume ta.

Da aka gama Tibo ya ce, "Selo, raka ni sito in duba ko ruwa ya taɓa kayan wasa."

Siton sukari ne, wofi a wannan lokaci, sai ƙanshin maɗi da tattabaru a saman rufi. Tibo ya buɗe akwati ya ciro tsohuwar safarsa da ƙwallo ɗaya. Ya wurga wa Selo ƙwallon, ya taka zuwa can ƙarshe, ya tsuguna yana nishi.

"Ninong, damina ce fa. Hutu ake."

"Na sani. Tafin hannuna ne ke marmari. Jefo."

Ƙwallon Selo in ta shiga safa, ƙara take yi kamar an fasa kwakwa da adda. Tibo ya san wannan ƙara fiye da muryar matarsa. Wannan kuwa ta iso luf, kamar an miƙo masa burodi. Ya mayar. Ta biyu ta zo ƙasa-ƙasa, daga gefe, ba daga sama ba. A ta uku bai kalli ƙwallon ba, fuskar yaron ya kalla, ya ga yadda ya cije leɓe.

Ya riƙe ƙwallon bai mayar ba.

"Tun yaushe?"

Selo ya tsaya yana kallon tattabaru.

"Da kai nake, ɗan nan. Tun yaushe?"

"Tun wasan ƙarshe. Na ji wani abu ya ce tas a kafaɗa. Na je wurin mai gyaran targaɗe, ya shafa man kwakwa, ya ja, ya murɗa. Na je asibiti a Calamba ma, ba wanda ya sani. Suka ce zan iya aiki, zan iya komai, amma jifa..." Ya ɗaga hannun, ya tsaya daidai kafaɗa. "Iyakarsa ke nan."

"Nening ta sani?"

"Ita ke sa min riga."

"Ni ne dai bare."

"Kunya ce, Ninong. Kai ka gina hannun nan tun daga gwangwani. Ta ina zan fara gaya maka ya rushe?"

Ruwa ya ƙaru a kan kwano, sai da Selo ya matso kusa don a ji shi.

"Duk unguwa ta san maganar Cebu. Ka tura ni. Su ba su sani ba. Kafin rani ya zo a fara wasa an riga an gama magana, samarin nan uku suna hannunka, ƙungiya ta tashi. Ni kuma zan san yadda na yi."

"Yadda ka yi? Jifa biyu Berting zai gani ya sallame ka. Ka tsaya a tashar jirgi da mata da yara, a garin da ko yarensu ba ka ji."

"In ka gaya wa Don Evaristo ma sallamata zai yi. Ta kowace hanya gidan ya tafi, Ninong. Gara ya tafi ya bar muku wani abu."

Tibo ya san ba inda maganar ta yi ƙarya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da yaron ya faɗi haka, sai da ya ga sababbin marafan nan uku suna ƙyalli a idonsa.

"Zo ka tashe ni," ya ce. "A'a, da hagu, sakarai."

Ranar da aka sa, ya hau mota zuwa Calamba da marafan a aljihu. Ya tarar da Berting a gidan abincin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, gajere, ya yi ƙiba, yana shan taliya da romo, gumi yana zuba.

"Pare Tibo, tsohon abokina! Ashe kana da rai? Miƙo hannun in duba aikina."

"Ga shi, Pare. Kai kuma na ga ka haɗiye duk ƙwallayen da ka kasa duka."

"Zauna, baƙin tsoho. Yarinya, kawo masa lemon kwalba, kada ki sa ƙanƙara, haƙoransa na aro ne."

Suka taɓa zagin juna har suka ƙoshi, sannan Berting ya share baki ya shiga talla. Na farko bahago ne, ɗan masunta, jifansa kamar aradu, amma shi kansa bai san inda za ta faɗa ba. Na biyu mai gudu ne, ya taɓa kama akuya a guje. Na uku mai cafka ne, hannu mai kyau, sai dai in ƙwallo ta taho yana runtse ido.

"Ɗanye ne kayan, ban ɓoye maka ba. Amma nan da shekara biyu za ka riƙa yi min addu'a. Ni yanzu nake son ci, ba nan da shekara biyu ba. Ba ni Selo." Ya miƙo hannu ta kan tebur.

Ba abin da ya rage sai Tibo ya kama. Ya dubi hannun, mai ƙiba, mai maiƙon romo.

"Pare, kafaɗar Selo ta tafi."

Berting ya janye hannun a hankali. Jirgi ya shigo tasha da kuka, suka jira ya yi shiru.

"Ta tafi, ko tana ciwo?"

"Ta tafi."

"To me ya kai ka gaya min? Da ni ne..."

"Da kai ne da ka yi shiru, na sani."

"Da na yi shiru mana!" Ya ɗauki cokali, ya ajiye. "Ko kuwa... ban sani ba. Kai, ka ɓata min romo."

"Ba don kai na faɗa ba. Ɗana ne. Ba zan aika shi a kora a garin mutane ba."

"To ciniki ya mutu, Allah ya ba shi lafiya. Mashayinka Dodong kuma, ɗaya na ce, kuma shi ma da rabin zuciya." Ya ja tsaki. "Ni da na ce zan rabu da yaran nan in huta. Ina da irinsu wajen goma a can, ba mai koya musu. Masu cafkata ba su san yadda ake lallashin mai jifa ba. Tsugunawa kawai suka iya, kamar masu ciwon ciki."

Tibo ya ciro marafan daga aljihu ya zube a tebur. Berting ya san su, bai yi mamaki ba. Tibo ya sa jan marfin a gabansa, ya tura sababbin uku wajen Berting. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sunkuya da ƙyar ya tsinci marfin lemon da aka buɗe masa, wanda mabuɗi ya lanƙwasa ya faɗi ƙasa. Ya hure shi, ya ɗora a tebur, ya tura shi tsakiya.

"Wannan fa?"

"Wane ne wannan?"

"Tsoho ne. Gwiwa babu, yatsu babu. Amma ya iya buɗe wa yaro ido. Nawa za ka bayar?"

Berting ya dubi marfin, ya dubi Tibo. "Kai? Haba, Pare, ina aka taɓa musayar koci da 'yan wasa?"

"Wa ya hana?"

"Da gaske kake? Shekara da shekaru ina asarar mangwaro a kanka..." Ya sa babban yatsa ya turo marafai biyu. "Bahagon da mai kama akuya. Mai runtse idon zan riƙe, tunda kai za ka gyara min shi."

"Uku ka ce ɗazu."

"Ɗazu mai jifa nake saye, yanzu kayan tarihi. Biyu, kuma in ba ka ɗaki mai kallon teku."

"To sai na tambayi mai gida."

"Don Evaristo?"

"Pacing."

Ya same ta a bayan gida tana tsinkar lemon tsami a bishiyar da ta shuka shekarar da ya kawo ta. Ya gaya mata komai, tun daga sito har zuwa marfin da ya tsinta a ƙasa. Ta saurara, lemo a cikin zane.

"Biyu?" ta ce. "Samari biyu masu lafiya a kanka? An cuci mutanen garinmu."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juya tana kallon agwaginta a cikin ruwan fili.

"Ban san kowa a can ba yanzu, Tibo. Uwata ta rasu, 'yan'uwa sun watse. Ko hanyar kasuwa ba na jin zan gane. Baki ne kawai nake yi maka."

"To bari in aika masa in ce a'a."

"In mun tafi, yaran za su zauna a gidansu?"

"In Don ya yarda ya ba Selo kujerata, za su zauna."

"To wa ya ce ka ce a'a?" Ta goge ido da bayan hannu, ta ce lemon ne ya fantsama mata. "Amma ka ji, in muka je na tarar kifin ba daɗi, kada ka kuskura ka gaya wa Nening."

Don Evaristo ne ya yi wuya. Ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi.

"Na aike ka ka musanya mai jifa, ka dawo ka ce ka musanya kanka? Kuma in ba da ƙungiyata ga mutumin da ba ya iya ɗaga hannu?"

"Yallaɓai, ni ma ban iya miƙe yatsa ba kawunka ya ba ni. Gini ka ce za ka yi. Ga samari biyu, ga Dodong bai tafi ba. Bahagon nan mai jifa ne, mai jifa yake bukata ya koya masa, ba ni ba. Ni a tsugune na yi rayuwata. Selo ya san abin da ke ran mutum in yana tsaye a kan tudun jifan nan shi kaɗai, jama'a suna ihu."

"Uku na so."

"Ni ma."

Don ya daɗe yana kaɗa yatsa a tebur. "Kaka ɗaya. In muka sake zama na ƙarshe, shi da gidan sai wani."

"Na gode, yallaɓai. Na ƙarshe dai ba za ku zama ba. Na kusa da shi ban yi alkawari ba."

Selo ya yi gardama, ya yi fushi, ya kwana biyu bai leƙo ba. Aling Pacing ce ta bi shi har gida da kwanon abinci ta ce, "In ba ka so, ka je ka gaya wa 'ya'yanka su naɗe tabarma." Bai je ba.

Da ruwa ya ɗauke, fili ya fara bushewa, suka tashi. Da safe ne, mota tana jira a bakin layi za ta kai su tashar jiragen ruwa ta Manila. Unguwa ta fito. Aling Pacing ta raba agwaginta, tana gaya wa kowa sunan tasa da halinta, ta ja Nening gefe ta nuna mata reshen lemon da ba a taɓawa. Samarin nan biyu sun iso tun jiya, suna tsaye can gefe da akwatin kwali, sirara, kamar za su gudu.

Tibo ya fito da gwangwanin madara ya danna wa Selo a hannun hagu.

"Na Dodong ka riƙa duba shi ran Litinin. Bahagon kuma kada ka yi masa tsawa, ɗan teku ne, tsawa ba ta ba shi tsoro, shiru ke ba shi. Jan nan ban san inda za ka sa shi ba yanzu. Ka nemo masa wuri."

Selo ya miƙo dama ya riƙe yatsun a ƙasa, ya fara lanƙwasa baya.

"Tsaya," in ji Tibo. "Miƙe. Yaranka suna kallo."

Selo ya miƙe. Dattijon ya zare hannunsa, ya matso, ya yi ɗage a kan gwiwoyin nan da suka ƙi shi, ya ɗaga karkataccen hannun da kansa har ya kai goshin, ya bar shi a nan.

"Mano po, Ninong," in ji Selo.

"Allah ya yi albarka. Wannan ta ran Lahadin nan ce da na riƙe maka. Ga ta yau kuma: Allah ya yi albarka."

"Tsoho!" in ji Aling Pacing daga cikin mota. "Jirgin ba kawunka ba ne, ba zai jira ka ba!"

Ya hau. Mota ta bi ta tsakanin gonakin rake. Matar da ta ce ko waiwaye ba za ta yi ba, wuyanta a juye yake har suka sha kwana.

Selo ya tsaya a bakin layi har ƙarar motar ta ɓace. Sannan ya girgiza gwangwanin ya ji ƙararsa, ya dubi samarin biyu.

"Wane ne bahagon? Kai? Kun ci abinci? To ku zo ku ci. In mun gama akwai gwangwani a kan shinge, ina so in ga ka kayar da shi."